Tulun da Babban Kawu Ya Bari a Liƙe

Ranar Laraba ta biyu a watan Ƙaramar Salla, da hantsi, wajen ƙarfe tara bisa kintacen Inna wadda ba ta da agogo, Allah ya karɓi ran wanta, Babban Kawu, a ɗakinsa da ke ƙarshen ƙauyenmu, gabas da Haɗeja, a bakin fadama. Mutum biyu ne suka halarta: Inna, wato mahaifiyata, da wata tsohuwa maƙwabciyarta da ta rako ta. Tsohuwar ba ta wuce bakin ƙofa ba. Kafin azahar an yi masa sutura. Liman ya sallace shi da mutum goma sha ɗaya, Inna ta ƙirga su ta kafar zana. Ƙanensu, wanda muke kira Ƙaramin Kawu, ba ya cikin sahun, ko da yake daga ƙofar gidansa ana hango inda aka ajiye gawar.

Waya ta same ni a Kaduna ranar Juma'a, ina wurin aiki a gidan rediyo. Na bi jirgin ƙasa zuwa Kano, na canza zuwa Malam Madori, na sami wata babbar mota da ta sauke kaya za ta koma Haɗeja. Sauran hanyar na taka da ƙafa, don bazara ce, fadama ta bushe ta tsattsage. Na isa ranar Litinin, ana gobe sadakar bakwai.

A gidan Inna aka yi zaman makoki, ba a nasa ba. Na zauna a tabarma ina amsa gaisuwa ina sauraro. Kowa ya yi addu'a yadda ya kamata, sai dai kusan kowace addu'a tana zuwa da ɗan ƙari. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda shi kaɗai ya sani. Wani tsohon masunci ya ce ai marigayin mutum ne mai abubuwa, ya sassauta murya a kan kalmar ƙarshe. Mata daga cikin gida suka aiko a tambaye ni ko an yanke shawara a kan tulun. Mutum ɗaya na ga idonsa ya kawo ruwa, wani majemi da ya taho takanas daga Haɗeja. Shi ma abin da ya fara faɗa shi ne, yanzu wa zai riƙa ƙona masa ƙumba.

Tulun da ake magana yana ƙuryar ɗakin marigayin, an kife kasko a bakinsa an liƙe da laka. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Liman ya ba da shawara a haƙa rami a daji bayan sadaka, a binne shi yadda yake, kada a buɗe. Na ce a ba ni zuwa gobe. Na san abin da ke ciki. Na kuma san in aka binne shi a liƙe, magana ta zauna ke nan: ƙauyen zai ci gaba da cewa Babban Kawu yana da iskoki, kuma shi ya sa su suka ƙone ƙanensa. Ƙanen kuwa zai je nasa kabarin yana tsammanin haka.

Sana'ar Babban Kawu ƙona ƙumba ce, ɓawon nan na ruwa da mata ke kankare tukunya da shi. In kogi ya ja da rani, yakan bi rairayi da gaɓar tafkuna da kwando yana tsinta, ya wanke, ya shanya. Yana da rami a bayan gida, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, an shafe cikinsa da yumɓu. Yakan jera itacen bagaruwa, ya zuba ƙodagon goruba, ya shimfiɗa ƙumba, ya sake jera itace, haka har ramin ya cika. Wutar takan yi yini da kwana. Abin da ke fitowa fari ne fat, ba shi da nauyi, shi yake kira mai ƙishirwa. Sai ya yayyafa masa ruwa, abin da yake kira shayarwa, sannan ya zama abin amfani. Majema su saya su cire gashin fata, magina su dama su yi farar ƙasa, wanda kuma ya dunƙula ya bari ya daɗe a iska shi ne allin da masu kaɗin auduga ke shafawa a yatsa.

Wurin shayarwar nan abin yake. Ruwan daga randa ne, ƙumbar kuwa ta huce tun shekaranjiya, amma da sun haɗu sai ka ji tsuwa, tururi ya tashi, ƙumbar ta kumbura ta farfashe, kaskon ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Ba garwashi, ba itace. Wurin kakansu na wajen uwa ya koyi aikin, wani mutumin Barno, kuma tare da aikin ya karɓi ƙa'idarsa: a bayan zana ake shayarwa, ba a yi a gaban kowa, ba a kuma faɗin dalili. Maƙera suna da nasu sirrin, marina suna da nasu, saboda haka ba wanda ya ga laifin wannan.

Abin da ya raba shi da ƙanensa ya faru shekara goma sha tara da suka wuce, gab da babban yaƙin Turawa, ina makaranta a Kano. Ban gani da idona ba. Na ji daga bakin Inna, na ji daga bakinsa, kuma inda maganarsu ta zo ɗaya nake rubutawa.

Wani ɗan kwangila yana gina ɗakin ajiyar gyaɗa a Malam Madori, yana son farar ƙasa mai yawa kafin a buɗe ciniki. Damina ta ɗauke, amma ruwa bai janye daga fadama ba, ba a fita ƙauyen sai a kwalekwale. Babban Kawu ya kunna ramin sau biyu, ya zuba abin da ya samu a kwando shida da aka shimfiɗa wa tabarmar kaba, ya ajiye a rumfa da niyyar ya shayar in ya dawo daga wani suna a ƙauyen da ke gaba da namu. Da zai fita ya ce wa ƙanensa kada kowa ya ɗauki kayan nan. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da rana manzon ɗan kwangila ya iso, ya ce Bature zai zo duba ginin jibi, in kayan ba su tashi yau ba a bar su. Ƙaramin Kawu masunci ne, yana da kwalekwale, yana da ƙarfi, kuma a ganinsa taimakon wansa zai yi. Ya ɗaga kwando ya ji ba nauyi, ya taɓa ya ji sanyi. Ya loda shidan ya tura.

Babu kwalekwalen da ba ya yoyo. Kafin ya kai tsakiyar fadama, ruwan da ke kwance a cikin jirgin ya jiƙa gindin kwandunan. Ya fara jin ƙauri, ya duba ya ga tabarma tana hayaƙi. Ya yi abin da duk ɗan ruwa zai yi in ya ga hayaƙi a jirginsa: ya ɗauki ƙoƙon kwarfa ya ɗebo ruwa ya sheƙa. Kwandon ya tofo masa. Ya ƙara sheƙawa, ya sake ƙarawa. Farin kunu mai tafasa ya malalo ya rufe masa ƙafafu, wani ya fallatsa masa a idon hagu. Ya faɗa ruwa, masu kamun kifi suka tsamo shi. Jirgin ya karkace ya nutse yana tururi a gaban mutum fiye da goma, kuma dukansu sun shaida abu ɗaya: ana zuba ruwa, wutar na ƙaruwa.

Ya yi wata uku a kwance. Idon bai dawo ba, ƙwaurinsa har yau fari-fari ne, ba gashi. Bayani kuwa bai yi wuyar samuwa ba, don kowa ya san ana ɗaure kaya da asiri saboda ɓarawo. Aka ce Babban Kawu ya ɗaure nasa, ya tafi suna ya bar wa ɗan'uwansa tarko. Da ya je dubiya, Ƙaramin Kawu ya juya fuska wajen bango ya ce, "Yaya, da ka gaya mini ɓarawo ka ɗauke ni, da ban taɓa ba." Daga ranar ba su sake magana ba.

Ba a kori Babban Kawu ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. A masallaci sai a bar tazarar mutum ɗaya tsakaninsa da na kusa da shi. Liman ya ce a daidaita sahu, a matsa kaɗan, in an tayar da kabbara a koma. Aka daina aika masa da tuwon suna. Masu kaɗi suka daina karɓar alli daga hannunsa, suka koma saye a kasuwar Haɗeja wurin wata dillaliya, ita kuwa wurinsa take sarowa. Ya san haka. Yakan ce allinsa sai ya je birni ya yi wanka kafin ya shiga gidajen ƙauyen. Matarsa ta rasu bayan shekara huɗu, 'yarsu guda ɗaya tana aure a Nguru. Ya koma dafa wa kansa.

Sau ɗaya ya gwada wanke kansa. Wata Juma'a ya ɗauko kasko da ƙumba da buta zuwa ƙofar masallaci, ya ce zai nuna wa jama'a yadda abin yake. Kafin ya gama sauke kaskon ba kowa a filin sai awaki. Ya ɗauki abinsa ya koma gida, bai sake ba.

Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma halayensa duk na aikin ne. Ba ya gwada zafin komai da tafin hannu, sai da bayansa, ko da kunu ne. Ba ya barin randa da kwandon ƙumba a rumfa ɗaya. In hadari ya haɗu, ba gona yake fara dubawa ba, bakin tuluna yake bi da yatsa ko laka ta tsage. Duk shekara in sanyi ya kama, yakan ba Inna man kaɗanya da zuma ta kai wa ƙanen, saboda ƙafafun suna tsagewa a lokacin, ya ce ta ce ita ta saya. Shekara goma sha tara tana wannan ƙaryar.

Ni Na-akwati yake kirana, saboda akwatin rediyo. Ya taɓa takawa har Haɗeja ya tsaya ƙarƙashin lasifika don kawai ya ji muryata. Da na zo hutu na tambaye shi yadda ya ji, sai ya ce Hausar ta fita, sai dai ina karanta farashin gyaɗa kamar mai sanar da rasuwa.

A hutun bara muka yi doguwar hirarmu. Na same shi da la'asar a gindin goruba yana tsince ƙumba. Na so in burge shi da abin da aka koya mana a makaranta: cewa in abu ya rikiɗa ya zama wani abu, to ko dai ya sha zafi daga abin da ke kewaye da shi, ko ya fitar masa da zafi, kuma zafin nan ba a ƙirƙirarsa, ba ya ɓacewa, wuri kawai yake canzawa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da ƙoƙo da kasko. A ƙoƙon ya jiƙa tsamiya ya tace, ya sa na taɓa ruwan, ya marmasa kanwa a ciki. Ruwan ya taso yana kumfa kamar tukunya a kan murhu. Ya ce in sake sa yatsa. Na sa, na ji ya fi ɗazu sanyi. A kaskon ya ajiye ƙumba mai ƙishirwa kamar girman goro, ya ɗiga mata ruwa, ya kama hannuna ya kai bayansa kusa, bai bari na taɓa ba.

"Duk biyun a ido tafasa suke," in ji shi. "Wannan daga yatsanka yake ja. Wannan kuwa abin da na ba ta a rami take mayarwa. Baturen naku ya taɓa sa yatsa, ko a allo kawai ya zana?"

Na ce a allo ya zana. Ya yi dariya har ya yi tari.

Ya ce ya daɗe da lura cewa wutar ramin takan ci sosai da farko, da ta kama ƙumba sai ta yi laushi kamar ana janye ta, sai an ƙara ƙodago. Ya ce kwando biyu in an ƙona, nauyinsu kaɗan ya ɗara na kwando ɗaya. Ya ce kuma farar ƙasa in ta shekara a bango takan taurare ta koma halin ƙumba. Duk ukun daidai ne. Abu ɗaya littafi ya ƙara: ba duk zafin da ƙumba ta sha a rami take mayarwa wurin shayarwa ba. Mafi yawansa a bango yake fita, a hankali, cikin watanni, har ba mai jin sa. Da na gaya masa wannan, ya ce wannan kam bai sani ba, ya sa na maimaita.

Na tambaye shi, tunda ya san duk wannan, me ya sa ya bar mutane a kan zancen iskoki. Ya ce ko da sun tsaya sun kalla ranar nan a ƙofar masallaci, cewa za su yi hannunsa ne, tunda shi ya ƙona, shi ya zuba ruwan. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba.

"Ba duka suka yi ƙarya ba, Na-akwati. Na ce masa kada ya ɗauka. Ban ce masa don me ba. Maganar numfashi ɗaya ce, in ce masa ruwa ke tayar da ƙumbar. Na riƙe saboda kakanmu ya ce a riƙe."

Ya roƙe ni in faɗa a akwati, saboda masu jirgi. Na ce zan duba. Na koma Kaduna ban sami inda zan saka ta tsakanin labarai da farashin kasuwa ba, ko kuma ban nema da kyau ba. Ya rasu ba a faɗa ba.

Ranar sadaka da sassafe, kafin a fara rabon gumba, na je gidan Ƙaramin Kawu. Na same shi a zaure yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya yi mini gaisuwar rashi kamar wanda wani baƙo ya mutu wa. Na ce masa alfarma na zo nema: mai tulun ya riga mu gidan gaskiya, ba ya iya tofa komai a kan komai yanzu, ina so shi da hannunsa ya zuba wa abin da ke ciki ruwa ya gani.

Bai ɗaga kai daga komar ba. "Ɗauri ba ya bin mai shi kabari, ɗan nan. Ko wannan ba a koya muku a Kano ba?"

Na ce to a bar tulun. Na ce ya kawo tasa ƙumbar, wadda wansa bai taɓa gani ba. Ya ɗinke ido biyu ko uku na komar, sannan ya kira matarsa ta miƙo wadda take kankare tukunya da ita, da wasu uku da ta ajiye.

Muka je maƙera. Maƙerin bai so ba, amma son gani ya fi ƙarfinsa. Ya binne su a gawayi, ya yi ta zuga har suka yi ja, ya ci gaba har suka koma fari. Ya tsamo su da awartaki ya ajiye a kasko, muka zauna jiran su huce. Kafin nan hantsi ya ɗaga, mutanen sadaka duk sun biyo mu, suna tsaye nesa-nesa, har Inna da mayafinta a bayan zana. Ƙaramin Kawu ya taɓa ƙumbar da yatsa ya ji sanyi. Ya jawo butarsa ta alwala, ya yi bisimilla, ya ɗiga.

Abin bai tashi nan take ba. Na ƙirga numfashina har goma, na ji wani yana gyaran murya a baya. Sannan aka ji tsuwa, siririn tururi ya miƙe, ƙumbar ta tsage ta zube ta zama gari. Ya kai hannu. Na ce, "Da baya, Kawu." Ya juya hannun ya kai bayansa jikin kaskon, ya janye.

Wani daga cikin taron ya ce ai maƙeri ma yana da nasa. Maƙerin ya ce in yana da iskokin da ke dafa ruwa ba wuta, da bai tsufa a gaban zuga-zugi ba. Aka yi dariya. Ƙaramin Kawu bai yi ba. Ya daɗe a tsugune yana duban kaskon da idon da ya rage masa.

"Ashe ni na yi ta ba ta ruwa," in ji shi, ba da kowa yake ba. "Sau uku na sheƙa."

Inna ta matso, ta gaya masa a hankali cewa man da yake shafawa duk shekarun nan ba ita ke saye ba. Ya miƙe ya tambayi liman wanne ne kabarin, don bai sani ba. Liman ya ce zai raka shi, shi kuwa ya ce a kwatanta masa kawai. Shi kaɗai ya tafi, aka raba gumba ba ya nan.

Ga maganar da aka ba ni in faɗa ban faɗa ba: ƙonanniyar ƙumba ko farar ƙasar da ba a shayar ba, ba a haye ruwa da ita, in kuma ta fara hayaƙi ba a zuba mata ruwa, nesa ake yi da ita. Allah ya jiƙan Babban Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi maƙwabtan da ba za su bar tazara a sahu ba.

Da la'asar Ƙaramin Kawu ne ya fasa lakar bakin tulun. Ƙumba mai ƙishirwa ce cike a ciki. A fili muka shayar, a ƙofar masallaci, kaɗan-kaɗan, muna tsaye ta inda iska ke fitowa. Wasu sun tsaya kallo, wasu sun tafi gida, tsohon masuncin nan kuwa har na bar ƙauyen bai canza magana ba. Bayan kwana uku na koma bakin aiki. Daga baya Inna ta aiko mini cewa Ƙaramin Kawu ya dama farar ƙasar ya shafe masallacin da ita kafin ruwan farko. Ta isa bango uku. Na huɗun, na wajen yamma, yana nan da launin ƙasarsa, don ba wanda ya sake kunna ramin.